Kifin Tasalonika da Farin Zoɓon Maigatari

Ni haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar, cikin masarautar Gumel. Wanda ya san wajenmu ya sani ba mu da kogi. Rairayi ne da gawo da aduwa, sai tafkuna da ke cika da damina, su ƙafe tun rani bai yi nisa ba. Teku kuwa sai a labari, gama daga Gumel zuwa Ikko ya fi kilomita 1,000. Kifin da na tashi na sani shi ne banda, tarwaɗar da aka naɗe aka busar a kan hayaƙi, wadda fatake ke kawowa daga Haɗejiya da Nguru. Ran da mahaifina ya sayo guda uku, ran nan biki ne a gidanmu. Mahaifiyata takan jiƙa ta da ruwan zafi, ta cire ƙaya, ta jefa a miyar yakuwa, mu ci da tuwon gero. In mun gama ta miƙo mana ƙwaryar ruwan tsamiya, ta ce kowa ya kurɓa. Nono dai ba mai taɓa shi a wannan dare, don ta ce kifi da nono kuturta suke kawowa.

Ban taɓa tambayarta dalilin tsamiyar ba. Sai da na yi furfura, na je wata ƙasa mai nisa, sa'an nan na gane.

Aikina awon riɗi ne. Shekara 19 na yi ina saye wa wani Alhaji na Kano a kasuwar Maigatari, wadda ke ci kowace Alhamis a bakin iyakarmu da Nijar. Ni ke duba ƙwaya, ni ke lura da tsakuwa da ƙura, ni ke rubuta buhuna. A shekarar 2018 mai sayen kayanmu na ƙasar Girka ya yi ƙorafi a kan tsabtar wani kaya, ya ce a zo a zauna. Alhaji ya ce mini, "Malam, kai ka san kayan nan tun daga gona, kai kuma ke jin Turanci. Shirya mu tafi." Haka na sami kaina a Tasalonika, garin da tun ina yaro nake jin sunansa a wasiƙun Bulus, ban taɓa zaton gari ne mai motoci da fitilu ba. Shi ne birni na biyu a ƙasar, yana kwance a bakin teku.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne riɗi. A kowace kusurwa ana sayar da wani burodi mai kamar awarwaro, an barbaɗe shi da riɗi, suna ce masa kuluri. Suna niƙa riɗi su yi wani abu mai kauri da suke kira tahini, da shi kuma suke yin halwa, wadda sunanta da alewarmu tushensu ɗaya ne a Larabci. Har kantu suna da shi, sai dai da zuma suke haɗa nasu. Na tsaya ina kallo, na ce ashe nan gumin mutanen Maigatari da Gagarawa yake ƙarewa.

Zaman da muka yi a ofis bai yi daɗi ba. An nuna mana takardun gwaji, muka yi bayani, aka tashi ba a yanke magana ba. Da yamma mai masaukinmu, dattijo ne mai fara'a, ya ce zai kai mu cin kifi. Alhaji ya raɗa mini a mota, "Ka kula, Malam. A wajen cin abincin nan za a yanke, ba a ofis ba."

Gidan cin abincin yana bakin ruwa, ana jin ƙamshin gawayi tun daga ƙofa. Aka fara kawo ƙananan faranti. Ga sadin gasasshe, irin wanda mu muka sani a gwangwani kaɗai. Ga jatan lande manya kamar yatsa. Ga wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke kira oktapodi, wadda na rufe ido na ci, na tarar ba laifi. Daga baya aka kawo babban kifi sukutum, an gasa shi a kan gawayi, ba tattasai, ba albasa, ba komai sai gishiri da man zaitun da aka kaɗa da lemon tsami, da wani busasshen ganye mai ƙamshi. Alhaji ya laluba aljihu ya fito da ɗan gwangwanin yajinsa, kowa ya yi dariya.

To, ga inda maganar take. Mai masaukinmu ya san Alhaji Musulmi ne, tun kafin mu zauna ya sa an ajiye masa lemon kwalba mai sanyi. Ni kuwa ya ji ni Kirista ne, saboda haka ya ɗauke ni ɗan gida. Mai hidima ya kawo kwalba a cikin bokitin ƙanƙara. Dattijon ya karɓa da hannunsa, ya nuna mini rubutun jikinta, ya ce wannan farin ruwan inabi ne na tsibirin Santorini, ya ajiye irinsa domin baƙi na musamman. Ya tsiyaya mini a tambulan mai doguwar ƙafa, ya ɗaga nasa, yana jira.

Gabana ya faɗi. Ban zo nan in yi gardama a kan ruwan inabi ba, wannan magana ce ta masu koyarwa, na kuma san 'yan'uwa a wasu ƙasashe da suke sha ba tare da zuciyarsu ta kashe su ba. Ni dai nawa dalilin na gida ne. Kafin mahaifina ya tuba, giya ta cinye masa gona guda da jaki biyu. Ran da ya bari, ya tara mu ya ce ba zai tilasta wa kowa ba, amma yana roƙo kada ta sake shiga zuriyarsa ta bakinmu. Na yi masa alkawari ina ɗan shekara 14. Yanzu ga alkawari a hannun dama, ga cinikin shekara guda a hannun hagu, ga kuma mutum ya ba ni mafi kyaun abin da yake da shi. A wajenmu mai da hannun kyauta baya ba ƙaramin abu ba ne. Alhaji ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali.

Na miƙe tsaye, na gode masa, na gaya masa labarin mahaifina a taƙaice. Ya yi shiru kaɗan. Sa'an nan ya ce shi ma yana da ƙane da abin ya hallaka, kada in damu. Amma ya ce akwai abu guda da ba zai yarda ba, wato in ci kifinsa da abin zaƙi kamar yadda Alhaji yake yi. Ya kira mai hidima, aka kawo ruwa mai sanyi, ya matse rabin lemon tsami a ciki da hannunsa, ba sukari. Ya ce, "Ci loma ɗaya, ka kurɓi na abokinka. Ka sake cin wata, ka kurɓi wannan. Sa'an nan ka gaya mini."

Na yi yadda ya ce. Mai karatu, kai ma kana iya gwadawa a gida. Da na kurɓi lemon kwalba, sai zaƙi ya kwanta a kan maiƙon kifin, bakina ya yi nauyi, ƙarni ya dawo ta hanci. Da na kurɓi ruwan lemon tsami, sai bakina ya wanke sarai, loma ta gaba ta zama kamar ita ce ta fari. A nan take na tuna da ƙwaryar mahaifiyata.

Dattijon ya ga fuskata, ya ji daɗi, bakinsa ya buɗe. Ya ce abin da suke nema a ruwan inabin kifi ke nan: ya kasance da tsami, ya yi sanyi, kada ya yi zaƙi ko kaɗan. Ya miƙo mini tambulan ɗin ya ce in sansana kawai. Na ji ƙamshin ɓawon lemon tsami, da wani abu kamar jiƙaƙƙen dutse. Sunan inabin Asirtiko. Santorini tsibiri ne da dutse mai aman wuta ya bari, ƙasarsa toka ce da tsakuwa, ruwan saman da ke sauka can a shekara bai kai na Gumel ba, iska kuwa ba ta hutawa. Saboda haka manoman ba sa ɗora kuringa a kan sanduna. Naɗe ta suke yi a ƙasa kamar gammo, 'ya'yan su nuna a ciki, iska da rana ba su ƙone su ba, raɓar teku ta dare kuma ta shayar da su. Abin da ya sa ake darajanta wannan iri shi ne, ko ya nuna a cikin zafi tsaminsa ba ya gudu. Da ya faɗi haka sai na ji kamar labarin manomin wajenmu yake bayarwa, mai shuka a rairayi yana duban gabas.

Ya ci gaba, kamar yadda mai doki yake yi in ya sami mai sauraro. Ga sadin da sauran kifi mai maiƙo, Asirtiko. Ga jatan lande da abinci mai laushi, wani iri mai ƙamshin fure da ake kira Malaguziya, wanda ya kusa ɓacewa sai aka ceto shi a shekarun 1970, ana kuma nomansa a Epanomi, kusa da Tasalonika. Ga soyayyen ƙaramin kifi na talakawa, retsina, wadda ake sa wa ƙaron wani itace. Asalinta, mutanen dā da ƙaro suke liƙe tulunan ruwan inabi, ɗanɗanonsa ya shiga ciki, har baki ya saba ya ƙi rabuwa da shi. Wannan na gane shi da sauri, gama mu ma ruwan randa ya fi mana na roba daɗi. Jan ruwan inabi kuwa, ya kaɗa kai, ya ce na nama ne. Da na ba shi labarin kifi da nono ya yi dariya har da hawaye, ya ce kakarsa ma ta hana su haɗa kifi da cuku.

Aka yanke maganar riɗi kafin a kawo kankana. Ba zan ce ruwan lemon tsami ne ya yanke ta ba, mun dai yarda za mu riƙa shanya kaya a kan tamfol, mu sake tankaɗewa a Kano. Amma a hanyar komawa masauki Alhaji ya dafa kafaɗata, bai ce komai ba.

Da na dawo Gumel na ba iyalina labari. 'Yata ta biyu tana koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ita ce ta warware mini sauran. Ta ce, "Baba, ai ba al'ada ba ce kawai." Kifin teku, in ya kwana, yana fitar da wani sinadari mai suna tirimetilamin, shi ne ƙarnin da ke tashi. Tsami yana kama shi ya mai da shi gishiri, ya kasa tashi zuwa hanci. Kifinmu na ruwan daɗi kuwa, musamman tarwaɗa da karfasa, matsalarsa warin taɓo ne, wanda ke zuwa daga wani sinadari da ake kira jiyosmin. Ta ce shi ne ƙamshin nan da muke ji in ruwan fari ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. A sararin Allah daɗi gare shi, a cikin kifi kuwa ba a son sa, shi ma tsami yana rushe shi. Shi ya sa mata ke wanke tarwaɗa da lemon tsami. Abin da ya fi burge ni shi ne da ta ce babban tsamin da ke cikin inabi, wanda ake kira tatarik, shi ne dai babban tsamin da ke cikin tsamiya. Ashe dattijon Tasalonika da tsohuwar Sule Tankarkar abu guda suke ba baƙinsu, sai dai nata ba ya sa maye.

Ta ƙara mini da guda. A shekarar 2009 wasu masu bincike a Japan sun gano abin da ya sa jan ruwan inabi yakan ɓata kifi: baƙin ƙarfen da ke narke a cikinsa ne yake haɗuwa da man kifin ya tayar da ƙarni. Ta ce saboda haka in za a jiƙa abu mai tsami domin a sha da kifi, kada a jiƙa a tukunyar ƙarfe mai tsatsa, gama tsami yana jawo ƙarfen ya shiga ruwan. Batun kuturta kuwa, ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likita Hansen ya gano ta a ƙasar Norwe tun 1873, yau kuma ana warkar da ita da magani. Na ce to, a nan tsohuwa ta yi kuskure. Ta ce kada in yi mata dariya, wani babban likitan Ingila, Hutchinson, ya rubuta littafi guda a 1906 yana ɗora wa kifi laifin.

Tun daga nan wani abu ya riƙa damuna. Duk ran Alhamis da kaka ina ganin tireloli suna lodin zoɓo a Maigatari, za a kai Ikko, a sa a jirgi, yawancinsa ya tafi Meziko inda suke shansa kullum. Mu masu nomansa, in baƙo ya zo muka yi masa kifi, sai mu aika yaro kanti ya sayo lemon kwalba, wanda ɗaya irin na kola mai santilita 35 yana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9. In ma mun yi zoɓon, sai mu cika shi da sukari da kanumfari da turaren abarba har ya zama alewar ruwa. Wannan yana da daɗi da azahar, amma a ganina bai dace da kifi ba, yana danne shi. Wanda ya dace shi ne farin zoɓo, wanda muka bar wa miya, wanda ba mai lodinsa zuwa ko'ina.

Dama ta zo a makon Kirsimati na 2019. Dangin yarinyar da ɗanmu yake nema za su zo daga wajen Gagarawa su ga gida. Lokacin ruwa yana janyewa a fadamun Haɗejiya, kifi ya wadata. Na ce wa uwargida zan shiga motar asuba in sayo ɗanyar karfasa, mu gasa a gawayi, mu ba su da farin zoɓo ba sukari.

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Malam, kifin na yarda. Amma so kake a koma Gagarawa a ce mun tari surukai da ruwan tsami? Za a ce rowa ce, ko a ce ba mu da shi. Kuma ni za a zaga, ba kai ba."

Na kawo mata Santorini, na kawo mata tatarik. Ta ce ita ba ta san su ba, su ma baƙin ba su san su ba, abin da suka sani shi ne kwalba a kan tire. Na so in yi fushi, amma da na kwanta na ga ba ta yi ƙarya ba. A wajenmu ido ke fara cin abinci kafin baki, kwalbar nan kuma magana take yi, tana cewa mun kashe kuɗi dominku. Dattijon Tasalonika ma ai da kwalba ya nuna mini daraja. Da safe na ce ta sayi kiret ɗinta, ni kuma ta bar ni da randata.

Ga yadda na yi, ko wani zai so gwadawa. Na tafasa ruwa lita 5, na bar shi ya huce. Na wanke farin zoɓo cikin tafi biyu, da tsamiya kaɗan, da ɗanyar citta kamar babban yatsa, na daddaka ta. Na zuba duka a sabuwar randa da dare, ban dafa ba, gama dafuwa tana sa shi ya yi kauri. Da safe na tace da farin ƙyalle, na mayar, na rufe da faifai, sanyin hunturu ya yi sauran aikin. Da na juya baya uwargida ta jefa sukari cokali biyu. Na gani, na yi kamar ban gani ba, kuma gaskiya ya gyara shi. Kifin kuwa na tsattsaga shi, na shafa gishiri da man gyaɗa da lemon tsami, yaji a gefe ga mai so.

Baƙi suka iso da hantsi, su 9. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya. Aka jera kwalabe a tire, randata kuma a gefe da kofuna. Samari duka suka kai hannu ga kwalba, ko kallon randar ba su yi ba. Wata gwaggon yarinyar ta ɗebi zoɓon, ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce da ƙarfi, "Maman yara, an manta da sukari!" Uwargida ta dube ni, irin duban da ya fi magana.

Amma akwai kawun yarinyar, shi ne babba a tafiyar, tsohon ma'aikacin gona. Yana da ciwon sukari, ya ce shekara 6 ke nan duk bikin da ya je ruwa yake sha yana kallon mutane. Ya ci kifi, ya kurɓa, ya sake ci, ya sake kurɓa. Bai ce uffan ba sai da ya cinye guda biyu, ya tsotse kan. Sa'an nan ya miƙa kofi a karo na uku, ya ce rabonsa da jin wannan tun kakarsa tana da rai, ita da tsamiya zalla take yi. Gwaggon ta sake ɗiba kaɗan, wai don ta tabbatar.

Da za su tashi, kawu ya kira uwargida, ya ce, "'Yata, yaya kika haɗa wannan? Ina so a riƙa yi mini a gida." Ta durƙusa ta yi masa bayani dalla-dalla, tun daga tafasa ruwa har zuwa farin ƙyalle, ta ja masa kunne kada a jiƙa a tukunyar ƙarfe, ta kuma ƙulla masa farin zoɓo a leda. Ni ina tsaye a bakin zaure da kwandon ƙayar kifi a hannu, ba wanda ya tambaye ni.